Sanyin da Ya Ci Ƙafar Dama

Assalamu alaikum, na kusa da na nesa. Na gaji da ba da labarin nan ɗaiɗai a waya. Kowa ta kira sai na faro daga farko, wata ma ina tsakiya za ta ce tukunyarta na ƙonewa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita. Kuma tun yanzu in faɗa muku: ba sukari ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba irin sanyin da wasunku suka yi ta raɗa a kai ba ne. E, ya dawo kunnena.

Sunana Rahina. Maigidana Malam Abdulhadi ɗalibi ne a jami'a a nan Madina. Muna zaune a unguwar Ƙurban, a hawa na uku, gidan ba lifta. Ku riƙe wannan na lifta, za mu dawo kansa.

Malam yana da aboki ɗan ajinsu, Jamshid, mutumin Tajikistan, ƙasar duwatsu da sanyi. A hutun hunturu Jamshid ya gayyace shi ɗaurin aurensa. Ni ban je ba, kujerar jirgi ɗaya ma da ƙyar aka haɗa ta. Bayan biki samarin ƙauyen suka ce sai sun kai baƙo ya ga tafkunan da ke saman dutse, a ƙafa, cikin dusar ƙanƙara. Da safiyar ranar ya turo min hoto: ko'ina fari fat, shi kuma an naɗe shi da kayan aro, ido kawai ake gani. Ni duk duniya abin da ya dame ni a lokacin tambaya ɗaya ce. Na tura masa saƙon murya na ce, "Malam, don Allah ɗan lasa min ita ka ji, tana da ɗanɗano?" Bai amsa ba.

Da ya dawo, tun daga bene na ji takunsa ba daidai ba. Taku ɗaya mai ƙarfi, ɗaya kamar ana jan buhu. Na buɗe ƙofa na gan shi riƙe da bango, ƙafar hagu da takalminsa, ta dama cikin wani ƙaton silifa na gashin tumaki.

"Lafiya?"

"Ba komai. Sanyi ne ya ɗan taɓa ni."

Ban jira izini ba, na zaunar da shi na zare safar. Jama'a, ban taɓa ganin ƙafa irin wannan ba. Yatsun sun yi launin kyandir, fari-fari toka-toka, sun kumbura suna ƙyalli. Biyu sun yi bororo mai ruwa garau. Babban yatsa da ƙaramin kuwa bororonsu baƙi ne, kamar an liƙa musu dabinon ajwa. Na zare ta hagu: lafiya lau, ɗan saɓa kawai take yi a dunduniya.

Na ce, "Malam, ƙafa nawa ka tafi da su dutsen nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Amsa min."

"Biyu."

"Takalmi iri ɗaya? Safa iri ɗaya?"

"E."

"To ita hagun a mota ta zauna ta jira ku?"

Ya lumshe ido ya ce, "Rahina, ki bar ni in huta."

Na bar shi, amma tambayar ba ta bar ni ba.

Washegari Hala Tasalla ta zo daga unguwar Al-Sih. Ita ce uwarmu a garin nan. A Madina aka haife ta, iyayenta a ƙafa suka zo daga ƙasar Katsina tun da can, Hausarta rabi Larabci ce. Duk ɗalibin da matarsa ta haihu ko ya kwanta ciwo, ita ke fara zuwa da kwanon miya. Ta dubi ƙafar ta dafe ƙirji.

"Esh hada, ya waladi? Salamat, salamat! Rahina, ɗora moya, ruwan zafi. Sanyi in ya shiga jiki gashi ke fitar da shi."

Wa zai musa? Duk da haka aka rene mu. Targaɗe gashi, jego gashi, ciwon baya gashi. Na tafasa ruwa, ta surka da hannunta a roba, ta tsoma masa ƙafar. Malam ya ci gaba da ba ta labarin bikin, wai shinkafarsu da karas ake dafa ta a tukunyar da mutum zai iya kwanciya a ciki. Yana ta dariya. Ni kuma ina kallon tururi yana tashi, na ce a raina, mutumin da shayi ma sai ya huce masa? Na sa yatsana a ruwan. Wallahi tsalle na yi. Hannun Hala ya saba da wuta, nawa bai saba ba, ƙafarsa kuwa ba ta ma san ana yi ba.

Na fizge ƙafar daga robar. Bayan ƙafar ya yi jawur, wata sabuwar ƙuna a kan tsohuwar masifa.

"Ba ka ji zafi ba?"

Ya dubi ƙafar kamar ta maƙwabci ce. "Ban ji komai ba."

A nan dariya ta ƙare. Wannan shi ne gargaɗina na farko: ƙafar da ba ta ji, kada ku gasa ta. Ba za ta ce muku ya isa ba.

Saukowa daga hawa na uku da namiji a kafaɗa, ni a gefe guda, maƙwabcinmu a ɗaya gefen, Allah kada ya maimaita. A ɗakin gaggawa na asibiti, wanda suke ce wa ɗawari, muka ɗauki lamba muka zauna tun hantsi har aka kira la'asar. Mai rubuta suna ya leƙa ƙafar ya ce, "Sukkar?" Muka ce a'a. Nas ta zo ta ce, "Sukkar?" Muka ce a'a. Likita matashi ya zo ya ce, "Tun yaushe yake da sukari?" Na ce da Larabcina na kasuwa, "Ma fi sukkar! Talj! Talj!" Wato ƙanƙara. Ya ɗauka ƙanƙara nake so a ɗora masa, ya ce a'a, ba a sa wa irin wannan ƙanƙara. Sai da Malam ya yi masa bayani da Larabcin littafi. Duk da haka sai da suka ɗebi jini suka auna sukarin.

Ban ga laifinsu ba sosai. A garin da rana ke narkar da takalmi a kan kwalta, wa ya taɓa kawo musu ƙafar da ƙanƙara ta ci? Nas-nas suka riƙa zuwa bibbiyu suna leƙe. Matashin likitan ya nemi izini ya ɗauki hoto. Ni ma, gaskiya, ban da tsoro, kallon nake yi tare da su.

Aka tura mu wurin wani dattijon likitan tiyata, mutumin Kashmir, wanda ya tashi cikin irin wannan sanyin. Shi ko gira bai ɗaga ba. Ya ɗauki allura ya riƙa taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana kallon fuskar Malam. Na biyu, Malam ya ɗan motsa. Na uku haka. Na huɗu, da ƙyar. Ƙaramin, shiru. Babban, shiru.

Na ce wa Malam, "Tambaye shi, za a yanke ne ko ba za a yanke ba?"

Likitan ya yi magana mai tsawo, Malam ya fassara min a taƙaice. Wai ba wanda ya sani tukuna. Ƙafar ce za ta faɗa da kanta. Naman da ya mutu zai yi baƙi ya bushe, mai rai zai tsaya, layi zai fito a tsakaninsu kamar an ja da biro. Kafin layin ya fito, wanda ya sa wuƙa zai yanke har da mai rai. Sai a jira. Makonni, wataƙila watanni.

"Watanni? A jira me? Ba su da na'urar da za ta leƙa ciki?"

Likitan bai jira fassara ba, fuskata ta ishe shi. Ya nuna yatsun ya ce a hankali, yadda zan gane, "Illi yuja, hayy." Wanda ke ciwo shi ne mai rai. Ya ce ƙaramin yatsa in ya tafi ba a rasa abu mai yawa ba. Babban shi ne magana: da shi ake tura ƙasa a yi tafiya.

Malam ya sunkuyar da kai. Na san abin da yake tunani. Mutum ne da kullum a ƙafa yake zuwa Harami daga Ƙurban, ya ce a hanyar yake bitar haddarsa. Kuma da wannan yatsan ake kafe ƙafar dama a zaman tahiya.

Aka yi masa allurar tsatsa, aka wanke, aka naɗe kowane yatsa daban, aka ba mu maganin ciwo da dokoki: a ɗaga ƙafa sama da matashi, kada a murza, kada a fasa bororo, kada a taka, kada sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya buge ta, kada zafi ya kusance ta. Kafin mu fita na sa Malam ya tambaye shi abin da ke cina: me ya sa ƙafa ɗaya? Likitan ya dubi Malam ta saman tabarau ya ce, "Ƙafar da ta jiƙe ita ke fara tafiya. Shi ya san yadda ta jiƙe." Malam ya fassara min rabin farko kawai. Rabin na biyu na gane shi da kaina.

Makon farko ya tafi a hawa da sauka. Duk ranar wankin ciwo sai mun nemi mai taya mu, sai tasi, sai layi, sai bandejin da wani lokaci a ce mu sayo a waje. Ɗan abin da ake ba ɗalibi a wata ba a yi shi don tasi ba. Ban da 'yan'uwansa ɗalibai da suka yi karo-karo, suka kuma aro mana keken marasa lafiya, da ban san yadda za mu yi ba. Allah ya saka musu. Amma kuma su ɗin ne za su cika min falo bayan la'asar, su shanye shayi, kowa da fatawarsa a kan yadda mai bandeji zai yi alwala, ba mai tashi ya wanke kofi.

A makon ne Inna, mahaifiyar Malam, ta kira daga Gusau. Ni na ɗauka.

"Rahina, me ke damun yaron nan? An ce yana kwance."

"Inna, sanyi ne ya kama shi a can inda ya je."



"Sanyi?"

"E, Inna, mai tsanani. Likita ya ce sai an yi haƙuri."

"Inna lillahi. A can ya samo shi?"

"A can."

"To. Ke kuma ya jikinki?"

Na ce lafiyata lau, na yi mamakin yadda ta damu da ni haka. Ni ban kawo komai a raina ba. Bayan kwanaki ta aiko cewa wata mai Umara ta taho mana da saƙo, in je masaukinsu kusa da Harami in karɓa. Na je. Matar, wata Hajiya mai haƙorin Makka, ba ta ba ni a gaban mutane ba. Ta ja ni bayan ginshiƙi, ta zaro baƙar leda daga cikin hijabi kamar kayan sata. Sassaƙe ne da saiwoyi da bagaruwa da kanumfari.

"Wannan a tafasa a sha, wannan a zauna a ciki. Ke ma ki yi, 'yata. In shi kaɗai ya sha, za ku yi ta mayar wa juna. Allah ya shirya mana mazan nan, daga an bar su sun yi tafiya su kaɗai..."

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Sanyi! Ciwon sanyi suke nufi, na mara, wanda ake samowa a shimfiɗa! Na ce, "Hajiya, ƙafarsa ce! Ƙanƙara ce ta cije shi!"

Ta dafa kafaɗata cikin tausayi. "Haka ya ce miki?"

Na dawo gida ina huci, na jefa wa Malam ledar a cinya. Da na gaya masa, ya rufe fuska da matashi, ban sani ba ko dariya yake ko kuka. Ashe labari ya riga ya zaga dangi a Gusau, ya tsallako ya zaga matan ɗalibai a nan. Dole na ɗauki hoton ƙafar, baƙar, mummunar, na tura wa Inna. Ta kira tana salati, rabi tashin hankali, rabi kuma, na ji a muryarta, hamdala. Wannan gargaɗina na biyu: mu ba mu da sunan ciwon nan a bakinmu, don ba mu da abin da ke kawo shi. In ya sami naku, kada ku ce sanyi. Larabawa cizo suke ce masa. Ku ce cizon ƙanƙara, ku haɗa da hoto.

Kanumfarin dai na zuba a shayi, bai yi asara ba.

Daga mako na uku yatsun suka fara rabuwa gida biyu. Na biyu da na uku suka farka da ciwo, irin wanda ko zanin gado ya taɓa sai Malam ya yi ƙara. Ni kuwa murna. Ban taɓa zaton zan ji mijina na kuka in ce alhamdu lillahi ba. Ƙaramin ya yi baƙi ƙirin, ya ƙanƙance, ya bushe kamar tsinken kilishi. Kan na huɗu ma haka. Babban yatsa ya yi baƙar hula mai tauri daga farce har kusan gaɓa, in na ƙwanƙwasa da farcena sai ya yi ƙara kamar ɓawon gyaɗa.

Kowace safiya bayan na kawo koko sai in zauna da tsinken sakace.

"Nan fa?"

"A'a."

"Nan?"

"Rahina, jiya kin tambaya."

"Jiya daban. Nan?"

"Ba na ji."

Ina kuma shinshina bandejin, don likita ya ce in ya fara wari ko ruwa, ko zazzaɓi ya zo, mu taho a guje. Ban iya jira ba, ban taɓa iyawa ba. Ni ce mai buɗe tukunya sau goma kafin shinkafa ta nuna. Yanzu an ba ni tukunyar da ba a buɗewa.

Hala Tasalla ta dawo da ƙullin lalle. Ta ce tun kakanninta lalle ke warkar da ƙafa, a ƙunsa masa har idon sawu. Na so in yarda, don tana da gaskiya a abubuwa da yawa, kuma tun ranar gashi take jin nauyin kanta. Amma na ce, "Hala, layi muke jira ya fito tsakanin baƙi da ja. In muka ƙunsa lalle duk ƙafar ta zama baƙa, likita ya karanta me?" Ta ce, "Wallahi sahih, ya binti. Kawo hannunki to, kada ya lalace." Haka na yi sauran jinyar da jan lalle a hannu kamar amarya.

Wata rana da rana, Malam na barci, na buɗe firiza na ɗauko ƙanƙara na damƙe a tafin hannu. So nake in san me ya ji. Da farko sanyi. Sai ya koma zafi, zafi sosai kamar garwashi. Sai wani zugi har gwiwar hannu. Na daure. Can sai komai ya lafa, hannun ya yi shiru, daɗi ma nake ji. Na buɗe na ga tafin ya yi fari. A nan na jefar da ita. Ashe ba zafin ne abin tsoro ba, lafawar ce. Mutum zai ce ya samu sauƙi, alhali naman ne ke sallama.

Amma har yanzu ban san yadda ƙafa ɗaya ta jiƙe ba. Na tambaya da lallashi, na tambaya da faɗa. Ya ce dusa ce ta shiga takalmi. Na ce ta dama kaɗai ta gani?

Jamshid ne ya tona. Hutu ya ƙare amma shi ya ƙara kwanaki saboda amarya, sai ya kira ta bidiyo ya duba abokinsa. Ina kicin ina jin su. Larabcinsu na makaranta ne, ba na kama duka, amma na kama "wudu", na kama "rijil", na kama "majnun" har sau biyu, Jamshid na faɗa yana dariya mai haɗe da takaici. Alwala. Ƙafa. Mahaukaci. Na kashe gas na fito da ludayi a hannu.

Da ya ajiye wayar na ce, "Alwala ka yi."

Ya dubi silin.

"Malam, a cikin ƙanƙara ka cire takalmi ka wanke ƙafa?"

"Zauna," in ji shi. "Ki ajiye ludayin."

Ya ce sun fita bayan asuba. Tun a gida Jamshid ya ce kowa ya yi alwala ya sa safar fata a kanta, sai takalmi, kada wanda ya cire har su dawo, in alwala ta karye a shafa a kai. Suka kama hanya. Da farko dusar iya idon sawu, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi kamar ana tauna ƙanzo. Sai ta kai ƙwauri, sai gwiwa. Na gaba ya fasa hanya, na baya su sa ƙafa a raminsa, in ya gaji wani ya karɓa. Numfashi ya zama aiki. Gemunsa ya daskare, in ya taɓa sai ya ji tsinke-tsinke. Ya ce abin da bai taɓa sani ba shi ne shiru. Ba tsuntsu, ba mota, ba iska, har bugun zuciyarsa yake ji a kunne.

Tafki bayan tafki suka riƙa wucewa, kowane yana saman ɗan'uwansa, duk a daskare, an rufe su da fari kamar filin idi. Shi har ya fara cewa a ransa, wannan wahalar duk don a ga fili? Sai da rana ta karkata suka kai na can sama. A gefensa, inda wani ɗan rafi ke shigowa daga dutse, ruwan bai daskare ba.

"Rahina, ban san yadda zan gaya miki ba. Ba shuɗi ba ne, ba kore ba ne. Kina ganin duwatsun ƙasa ɗaya-ɗaya kamar ba ruwa a kansu. Dutsen sama kuma yana ciki a kife. Ba wanda ya taɓa sa hannu a ciki tun da sanyi ya fara."

Azahar ta yi, alwalarsa ta karye a hanya. Sauran suna can suna haɗa wutar shayi. Ya tsuguna ya wanke hannu, fuska, ya shafi kai. Ya zo ƙafa.

Na ce, "Ba kai ka karanta babin shafa a kan huffi ba? Ba a gabana ka yi ta bitarsa kafin jarrabawa ba, har na haddace?"

"Na karanta."

"To?"

"Karantawa daban. A gidanmu kin taɓa ganin wanda ya shafa a kan safa ya yi salla? Baba ko kaushi ya tsage yana jini sai ya wanke. Na ɗora hannu a kan takalmin, sai na ji kamar wasa nake yi. Ga ruwa a gabana, irin wannan ruwan, in shafa takalmi? Kuma gaskiya, so na yi ƙafata ta taɓa shi."

Ya cire na dama, don da dama ake farawa. Ya wanke sau uku, har da tsettsefe yatsu. Safar da ya ajiye a kan dutse ta zame ta faɗa ruwa, ya tsamo ta ya matse. Yana kwance igiyar takalmin hagu Jamshid ya hango shi, ya taho a guje yana faɗuwa yana ihu. Shi ya ceci ta hagu. Ta dama kuwa aka mayar da ita cikin safa mai danshi, ga doguwar hanyar komawa har bayan magariba. Ya ce da farko kamar wuta, har hawaye ya yi. Daga baya ta daina, ya ce wa Jamshid ya warke.

Na san wannan dainawar. Na dubi tafin hannuna.

Na so in yi masifa, na tanade ta makonni. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Duwatsun ƙasan, wane launi ne?" Ya kalle ni, ya fashe da dariya har ciwon ya katse shi.

Gargaɗi na uku ke nan, kuma na malamai ne musamman: sauƙin da addini ya ba ku, ba don jarrabawa aka ba ku shi ba. In mutanen gari suka ce kada ka cire takalmi, kada ka cire.

Layin ya fito a wata na biyu, siriri, ja, kamar yadda dattijon ya faɗa. A ƙaramin yatsa ya zaga can gindi. A na huɗu ya tsaya a gaɓar farko. Aka sa ranar tiyata, aka cire ƙaramin gaba ɗaya da kan na huɗu. Ba a daɗe ba, ko kwana bai yi ba. Babban kuwa likitan ya juya shi, ya ƙwanƙwasa hular, ya ce a ƙara jira. Na ce wa Malam ya tambaye shi har yaushe. Malam ya ce ba zai tambaya ba, kunya nake ba shi.

Kwanaki bayan haka, da safe, ina gyara matashin da ke ƙarƙashin ƙafar, gefen tiren koko ya ɗan goge yatsun. Ɗan gogewa kawai. Malam ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya kira sunan Inna.

Na tsaya cak. "Wanne?"

"Rahina, kin kashe ni!"

"Wanne, Malam? Wanne yatsan?"

"Babban!"

Na sake taɓawa, da gangan wannan karon. Ya yi ihu ya ce Allah ya isa. Na rangaɗa guɗa a hawa na uku a Ƙurban, har matar maƙwabci ta buga ƙofa ta ɗauka haihuwa aka yi. Na kira Hala, ta yi ta "Allahu Akbar, hayy, hayy!" tana kuka.

A wankin ciwo na gaba likitan ya sa ɗan ƙarfe ya ɗaga gefen baƙar hular. Ta taso gaba ɗaya har da farcen, kamar murfin kwalba. A ƙasa ga yatsa, ja, ɗanye, siriri kamar na jariri, ya ɗan gajarta, amma yatsa ne. Likitan ya nuna min shi da ƙarfen, ya ɗaga min gira. Na ce a ba ni hular in duba. Nas ta ce haram, ta jefa a kwandon shara. Har yau ina jin haushin wannan.

Yanzu zafi ya shigo. Malam ya koma aji, ya rasa zangon karatu ɗaya, zai rama. Yana zuwa Harami a ƙafa, a hankali, da takalmi mai faɗi, in ya gaji ya zauna a benci. Ƙafar ba ta son sanyin na'ura, a cikin masallaci sai ya sa mata safa, mutane na kallonsa. Ranar da ya fara kafe ta a zaman tahiya ina bayansa a falo, na ga yatsan ya lanƙwasa ya riƙe ƙasa, na manta a raka'a ta nawa nake.

Godiya ga Allah, sannan ga dattijon likita da ban iya faɗin sunansa daidai ba, ga Hala Tasalla da miyarta, ga ɗalibai masu shan shayi, ga Jamshid da ya yi gudu a cikin dusa, ga Inna da ta yi saurin aiko magani ko da na wani ciwon ne. Masu raɗa kuma na yafe, amma na san ku.

Jiya ina tsaye a ƙofar banɗaki yana alwala. Ya zo ƙafar dama, ya kai ɗan yatsan hannunsa gefe don ya fara tsettsefewa daga ƙarami kamar yadda ya saba tun yana yaro. Hannun ya sami iska. Ya tsaya kaɗan, ya matsa zuwa na gaba.

Bai ɗago ba ya ce, "Na lasa, fa."

"Me?"

"Dusar. Kin ce in lasa miki. Ba ta da ɗanɗanon komai. Haƙori kawai take kamawa."

"Ban yarda ba. Sai na ji da bakina. In ka gama karatu ka kai ni tafkin nan."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙafarsa. "Da wace ƙafar?"

Na ce, "Da yatsu tara da suka rage. Ni zan riƙe safar. Kuma in azahar ta yi, Malam, a gabana za ka shafa."